Kafin a sake sayo kwamfutoci a makarantun gwamnati

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da na gani da idona a shekarun da na yi ina koyarwa a wata sakandaren gwamnati a karkara.

Wata rana aka kawo mana kwamfutoci, aka jera su a wani ɗaki da ya sha sabon fenti. Manya suka zo, aka yanka kyalle, aka ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa. Ba a turo mana malamin da ya iya su ba. Wutar lantarki kuwa sai mu yi mako ba mu sa ta a ido ba, janaretan da aka haɗo mana da shi kuma babu wanda ya ce ga inda kuɗin mai zai fito. Firinsifal ya ji tsoron kada wani abu ya ɓace a tuhume shi, sai ya garƙame ɗakin da kwaɗo. Ban ga laifinsa ba. Da hunturu ya kama ƙura ta yi aikinta, ɓeraye suka ci wayoyin. Yaranmu suka ci gaba da koyon kwamfuta a allo: malami ya zana linzamin kwamfuta da alli, su kwafa a littafi.

Waɗannan yaran ne fa ake tura wa jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta. Na taɓa raka ɗalibai cibiyar jarrabawa. Wata yarinya da babu kamarta a lissafi a ajinsu ta fito tana hawaye, domin kafin ta gane yadda ake matsa linzami lokaci ya ja. Yanzu kuma WAEC ta fara tata a kwamfuta tun 2024 da masu zana jarrabawa waɗanda ba ta hannun makaranta suka yi rajista ba, kuma a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa WAEC da NECO duk za su koma haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A 2007 an raba wa yaran firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari a wani shiri na bai wa kowane yaro kwamfutarsa, labarin ya zaga duniya, amma shirin bai bazu zuwa sauran makarantun ƙasar ba. A 2020 kuma, da korona ta sa aka rufe makarantu, darussan rediyo ne suka isa ƙauyuka, don akwai akwatin rediyo a gidajen talakawa, kuma batir biyu sun ishe shi.

Roƙona ga kwamishinonin ilimi da hukumomin ilimin matakin farko na jihohi (SUBEB) shi ne, kada a sa hannu a kwangilar kwamfuta sai an amsa a rubuce: wa zai koyar, kuma an horar da shi? Ina wuta? In sola ce, wa zai sauya batiran idan sun mutu? A ware kuɗin gyara na kowace shekara a cikin kasafi, a miƙa shi hannun kwamitin kula da makaranta, wanda iyayen yara ke ciki. A kuma sa a jadawalin darasi cewa kowane aji zai shiga ɗakin ya taɓa na'urar da hannunsa, ko da sau ɗaya a mako.

Kada a ce babu kuɗi. Dokar 2004 da ta kafa UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa, ta ware wa ilimin matakin farko kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma jihohi da dama kan bar rabonsu a ajiye saboda ba su biya nasu kason ba. Ina roƙon ka tura wakilanka makarantun da aka ƙaddamar da ɗakunan kwamfuta a shekarun baya, su nemi a buɗe musu, su ƙirga mana guda nawa ne ke kamawa.

Naka,
Wani tsohon malamin sakandare, Jihar Katsina