A gwada mana ƙasa da ruwan lambunan Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu lambu a Legas, da kuma hukumomin muhalli na jihar.

Lambu nake yi a yankin Ojo. Latas, alayyafo, albasa mai lawashi da ugu muke nomawa, yawancinmu 'yan Arewa, kuma kafin hantsi matan kasuwa sun kwashe kayan. Da damina lafiya lau. Amma daga Disamba zuwa Maris, idan rijiyoyinmu suka ja baya, wasunmu kwata suke tarewa su sa inji. Har fahariya ake yi wai baƙin ruwan nan ya fi taki, don ganye yakan yi kore shar. To, koren gaskiya ne, amma kwatar Legas ba ruwan wanke-wanke kaɗai take ɗaukowa ba. Baƙin mai daga garejin makanikai, ruwan tsofaffin batura, tokar wayoyin lantarki da ake ƙonawa don a cire jan ƙarfe, duk nan suke gangarowa, kuma a cikinsu akwai dalma da kadmiyom, ƙarafa masu guba.

Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Kashin kaji da muke zubawa, kafin wata shekara ya zama ƙasa. Su kuwa suna nan zaune, kowane rani muna ƙara musu. Saiwa ta zuƙa, su hau ganye, kuma latas da alayyafo na cikin shuke-shuken da suka fi kwasar kadmiyom. Abin da ya riga ya shiga jikin ganye, wanki ba ya fitar da shi, tafasa ma haka. Kadmiyom ƙoda da ƙashi yake ci sannu a hankali. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yara take dakushewa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'auninta a jini da za a kira mara illa. Kada mu manta, tukunyar gidanmu ce ta farko da ganyen nan yake shiga.

Ɗan Arewa bai kamata a yi masa dogon bayani kan dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Can niƙan duwatsun zinariya ne ya jawo, ba ban ruwa ba, amma a duba yadda aka yi maganin abin: sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Wane mai lambu ne zai iya kankare fegi guda? Mutanen Kano kuma sun san abin da ruwan masana'antun Bompai ke kaiwa rafin Jakara, da na majemu da ke shiga kogin Challawa, kuma duk ana noman rani da su.

Na san dalilin shirunmu. Filayen nan ba namu ba ne, kowa na tsoron idan aka tayar da maganar, kora za ta biyo baya. Shi ya sa roƙona ga LASEPA, wato hukumar kare muhalli ta Legas, da ma'aikatar gona ta jiha shi ne su biyo ta hannun sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan lambu, su ɗebi ƙasa da ruwa da ganye su gwada, su faɗa mana sakamakon da harshen da muke ji. Inda abin bai yi nisa ba, a taimaka da rijiyar burtsatse da farar ƙasa, tunda rage tsamin ƙasa yana rage abin da saiwa ke zuƙa. Inda ya yi nisa, a ba mu wani fili.

Mu kuma kafin su zo, mu daina ɗebo ƙasar bola muna zubawa da sunan taki, kuma mu ɗauke injinmu daga duk kwatar da ta ratsa gareji ko wurin 'yan gwangwan.

Naka,
Wani mai lambu,
Ojo, Legas.