Ƙafar roba kaɗai ba ta daidaita tafiya

Malam Edita,

Ina neman fili a jaridarku domin in ja hankalin hukumomin lafiya da masu ba da taimako a kan 'yan uwanmu da aka yanke wa ƙafa a saman gwiwa, waɗanda a nan Maraɗi sau da yawa ciwon suga ko hatsarin kabu-kabu ko ɗorin gida da ya ruɓe ne ke kai su ga haka. Mun saba ɗauka cewa da zarar an samar wa mutum ƙafar roba, shi ke nan an gama, alhali kuwa aikin yana gaba.

Duk wanda ya lura da tafiyarsu zai ga ba ta daidaita. Mutum yakan daɗe a kan ƙafarsa mai lafiya, ya yi hanzarin ɗauke nauyi daga ta robar, kuma duk lokacin da ya taka ta sai gangar jikinsa ta karkata wannan ɓangare. Ba laifin ƙafar ba ne kullum. Tsokokin ƙugu, waɗanda ke riƙe kwatangwalo idan an tsaya a kan ƙafa ɗaya, sun raunana, na cikin cinya kuwa an datse su daga inda suke manne, kuma gwargwadon gajartar dungun, gwargwadon ƙarfin da aka rasa. Ƙafa mai lafiya ce ke biyan bashin: bayan shekaru sai gwiwarta ta fara ciwo, baya ma ya ɗauka. Balle a rairayin unguwanninmu, inda mai ƙafa biyu ma yake haki.

Abin da ya fi damuna shi ne watannin farko bayan tiyata. Majinyaci yakan yini a zaune, dangi kuma don tausayi su tura masa matashi ƙarƙashin dungun, har ƙugu ya ƙage a lanƙwashe, ranar gwada ƙafa a tarar ba ta zauna ba. Kwanciya rub-da-ciki na ɗan lokaci kullum da motsa dungun baya da gefe suna hana wannan, kuma ba sa cin ko dala, sai dai a sami mai nuna yadda ake yi.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Don haka ina roƙon a tura masu gashin ƙashi zuwa asibitocin gundumomi irin su Tasawa da Dakoro, kuma duk ƙungiyar da za ta raba ƙafafu ta sanya kuɗin horon tafiya a cikin lissafinta.

Mai karatunku,
daga Maraɗi