Uwar da aka ɗauke wa 'ya ita kuka mayar muguwa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun ranar Juma'a abin nan yake cina. Na ce bari in kau da kai ya wuce, ya ƙi wucewa, shi ya sa na sa jikata ta zauna ina faɗa tana bugawa. Yaron nan da ke rubuta muku shafin adabi, na ce yaro don hoton da kuke liƙawa a saman shafin bai nuna ya girmi ɗan autana ba, ya cika rabin shafi yana yabon littafin A Touch of Darkness na Scarlett St. Clair. Yabon bai dame ni ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne inda ya ce wai marubuciyar ba ta sauya komai ba, tsohon labarin Girkawa ne kawai ta sa wa kayan zamani, wai tun fil azal su ma sun san uwa mai takura ita ce ke shiga tsakanin 'ya da farin cikinta. Har da kiran Dimita, uwar yarinyar da ke cikin labarin, muguwar uwa, sau biyu, na ƙirga.

Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma a jaridarku aka buga ta.

Kada ya ce tsohuwa ba ta karanta littafin ba. Na karanta, a wayar wannan jikar tawa, da tabarau biyu. A 2019 ya fito. Fasifoni, 'yar Dimita, a ciki ɗalibar aikin jarida ce a wani birni da aka kira Sabuwar Atina, Hedis kuma, sarkin ƙasar matattu a tatsuniyar Girkawa, attajiri ne mai gidan rawa da caca. Ta zauna karta da shi, ya cinye ta, sai sharaɗi ya hau kanta: ko ta tsirar da abu mai rai a ƙasarsa ta matattu, ko ta rasa 'yancinta har abada. Uwar kuwa an nuna ta kulle 'yar tun tana ƙarama a ɗakin gilashi irin na rainon furanni, tana sa mata ido, tana yi mata barazana. Akwai shafukan da na tsallake ina a'uzubillahi, waɗanda yaronku bai ga ya kamata ya gargaɗi iyaye a kansu ba, amma ba wannan ya kawo ni ba. Marubuciya tana da ikon ƙaga abin da take so ta sayar. Wanda ba shi da iko shi ne mai sharhi ya gaya wa masu karatu cewa haka asalin yake, alhali bai buɗe asalin ba.

Ni na buɗe. Shekara 31 na yi ina koyar da adabi a makarantar 'yan mata kafin in ajiye alli. Asalin labarin yana cikin wata tsohuwar waƙar Girkanci mai layi 495, daga cikin waɗanda ake jingina wa Homa, shahararren mawaƙin Girkawa na da, kuma an tsara ta sama da shekara 2,500 da suka wuce. Sunanta ma waƙar Dimita, ba waƙar Hedis ba, ba ta masoya ba. Saura ƙiris ta ɓace daga duniya, don kwafi ɗaya tak ya tsira, a Mosko aka tsinto shi a 1777, yanzu yana ajiye a Laidin ta ƙasar Holan. Mun san tatsuniyar masu bautar gumaka ce, babu mai cewa a yi imani da ita. Amma ko Gizo da Ƙoƙi za ka ba da, ba ka ce Ƙoƙi ce ta cinye gayyar ba.

Tun a layukan farko waƙar ta faɗi wanda ya yi aika-aikar. Ziyus, shugaban allolin Girkawa kuma uban yarinyar, shi ya ba da ita ga ɗan'uwansa Hedis, uwar ba ta nan, ba a tambaye ta ba. Yarinya tana fili da ƙawayenta suna tsinkar furanni. An tsirar da wani fure na musamman don ya zama tarko, ta miƙa hannu, ƙasa ta tsage, mutumin ya fito a keken doki na zinariya ya sure ta. Tana ihu tana kiran ubanta, uban da ya riga ya ba da ita, shi kuwa yana can zaune a ɗakin bautarsa yana karɓar hadayar mutane. A ina yaronku ya ga karta a nan? A ina ya ga kallon ƙauna?

Kwana 9 uwar ta yi tana yawo a duniya da bakin wuta a hannu, ba ci, ba sha, ba wanka. Babu wanda ya yarda ya gaya mata gaskiya. A rana ta 10 Hekati, ɗaya daga cikin allolin nasu, wadda ta ji ihun daga kogonta amma ba ta ga wanda ya yi ba, ta raka ta wurin Heliyos, wato rana, mai ganin komai. Ya faɗa mata Ziyus ne ya bayar. Sannan ya ɗora da abin da ya sa na ajiye littafin na yi kuka ranar da na fara karanta shi ina ɗaliba: ya ce ta daina wannan baƙin ciki, ai mutumin ba surukin da za a raina ba ne, ɗan gida ne, kuma kashi ɗaya cikin uku na mulkin duniya a hannunsa yake.

Malam Edita, na taɓa jin wannan magana da kunnena, da Hausa, a tsakar gidanmu.

Ina da shekara 9, Yayata tana da 14. Ita ba fure take tsinka ba, surfe take yi. Almajiri ya yi sallama ya shigo da faranti, goro da alawa, ya ce an ce a kawo cikin gida, an ɗaura. Inna ta ce an ɗaura me? A bakin almajiri ta ji. Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi wa wani amininsa ɗan kasuwa kyautar Yaya, mutumin da ya haifi wadda ta girme ta, a wani gari can gabas, tafiyar yini guda a babbar mota. Har yau ina ganin taɓaryar a inda ta faɗi.

Kuma ga abin da ya fi ciwo. Yaya 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa zama da ita a tabarma ɗaya a gaban mutane ba, kunya ta hana. To ranar da za a tafi da ita ma kunyar nan ba ta ɗaga mata ƙafa ba. Mata sun cika gida ana guɗa, Yaya tana kuka tana riƙe ƙyauren ɗaki ana ɓamɓare yatsunta, Inna tana bakin murhu ta juya baya tana iza wuta a tukunyar da ta riga ta tafasa. Da dare ni ke kwana a bayanta, ni na san abin da gadon nan ya sha. Ta daina cin abinci. Ranar girkinta za ta tuƙa, ta kwashe, ta raba wa kowa, ta kife kwanonta. Gwaggo ta zo ta zaunar da ita ta ce, haba ke kuwa, sai ka ce mutuwa aka yi, mutumin nan fa mai hali ne, gidansa na kwano, motarsa biyu, wa ya ƙi 'yarsa ta huta? Heliyos ke nan da zane da mayafi.

Bambancin Inna da Dimita ɗaya ne: ita Dimita tana da abin da za ta riƙe. Amfanin gona a hannunta yake. Ta bar wurin sauran allolin, ta rikiɗa tsohuwa, ta je Ilusis, wani gari da bai fi kilomita 20 da 'yan kai daga Atina ba, ta zauna a bakin rijiya har 'ya'yan sarkin garin suka kai ta gida ta zama mai raino. Daga baya ta sa aka gina mata ɗakin bauta, ta shige, ta hana ƙasa tsiro shekara guda cur. Shanu suna jan garma a banza, ana zuba irin sha'ir yana mutuwa a ƙasa. Ban ce waliyyiya ba ce, talakawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su suka sha yunwar. Amma a lura da abin da ya motsa Ziyus. Kukan 'yarsa bai motsa shi ba, ramar uwar ba ta motsa shi ba. Sai da ya ga in mutane suka ƙare babu mai kawo musu hadaya, sannan ya fara aike. Ya aiki 'yar aikensa Airis, Dimita ta ƙi. Ya aiko sauran ɗaya bayan ɗaya da kyaututtuka, ta ce ba za ta taka wurinsu ba, ƙasa kuma ba za ta fid da ko tsinke ba, sai ta ga 'yarta da idonta. Wannan ce muguwar uwar taku.

Da aka aiki Hamis, ɗan aiken allolin, ya ɗauko yarinyar, waƙar ta faɗi halin da ya same ta: tana zaune a gado kusa da mijin, ba da son ranta ba, kewar uwarta ta cika ta. Da ta ji za a mayar da ita gida zumbur ta miƙe don murna. Gaskiya ne Hedis ya yi mata daɗin baki, ya ce za ta zama sarauniya mai daraja, ban ɓoye wannan ba. Amma a ɓoye ya ba ta ƙwayar rumman don kada ta zauna wurin uwarta dindindin, kuma da bakinta ta gaya wa uwar cewa tilasta mata ya yi ta ci. Saboda ƙwayar nan aka yanke kashi ɗaya cikin uku na kowace shekara tana ƙarƙashin ƙasa, kashi biyu tana gida. Obid, mawaƙin Rum da ya zo daga baya da ɗaruruwan shekaru, ya ce ƙwaya 7 ce, shekarar kuma rabi da rabi. Ko a wurinsa sace ta aka yi.

Mu kashi biyu cikin uku ba mu samu ba. Sai da Yaya ta zo goyon ciki muka sake ganinta, bayan shekara biyu. Watannin nan su ne kawai na ga Inna ta yi ƙiba. Ba ta dai kiran sunan, amma ita ke dafa ruwan wanka tun asuba, ita ke dama kunun kanwa, har waƙa na ji tana yi a bayan ɗaki. Aka yi arba'in, aka ƙara 'yan kwanaki, mota ta zo. Ta sake kife kwano.

Na san abin da za a ce, don an sha gaya mini. Ai Yayarki ta zauna, ta haifi 'ya'ya 8, har mutumin ya rasu tana ɗakinta, ashe alheri ne. Bayan ta fita takaba na tambaye ta, mu biyu a ɗaki, na ce Yaya, kin so shi kuwa? Ta daɗe tana kallon ƙasa, ta ce, na saba. Iyakar abin da ta ce ke nan. Littattafan nan sabon nan suke ɗauka su shafa masa jan baki su kira shi soyayya, don ba wannan kaɗai ba ne, jikata ta nuna mini wani na 2021 inda aka ce uwar ce ma da kanta ta ba da 'yar ga Ziyus don neman mulki, yarinyar ta gudu wurin Hedis ya cece ta. Wato laifin uba an sauke an ɗora wa uwa, ɓarawo ya zama mai ceto. In Turawa sun ga hakan ya yi musu, su da kasuwarsu. Amma marubutanmu mata na Kano da suka cika kasuwa da littattafan soyayya tun wajen 1980 da 'yan kai, aka yi ta zaginsu ana cewa suna lalata tarbiyya, auren dole suke yaƙa, kuma sun san wanda ke zama a zaure ya ba da 'ya. Yaronku ya tashi a cikin wannan adabi, bai kamata a ce shi aka yi wa wannan rufa-ido ba.

Ina da ɗalibai da yawa da suka zama iyaye, suna karanta jaridarku, 'ya'yansu ma suna karantawa a waya. Yarinya 'yar shekara 15 ta karanta cewa uwar da ta ce kada ki bi attajirin nan mai gidan rawa ita ce muguwa, kuma wai haka masu hikimar da suka faɗa. Me kuke so ta ɗauka? Abin da nake nema kaɗan ne. Waƙar nan ba ta kai tsawon jaridarku ta rana ɗaya ba, an fassara ta da Turanci tuntuni, tana nan kyauta a intanet. Ku sa shi ya zauna ya karanta, ya dawo shafin nan ya gaya wa mutane wanda ya ba da yarinyar da wadda ta yi kwana 9 tana nemanta. Ba sai ya ba ni haƙuri ba.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, don Allah me ya sami ƙugiyar haruffanku a shafin intanet? A takarda lafiya lau, amma a waya duk sun gudu. A wannan sharhin kansa an rubuta Hedis sarkin karkashin kasa, an ce Dimita ta yi fada da 'yarta, ni kuwa na tsaya ina tunanin wace fada ce, ta wane sarki. Makon jiya kun ce kura ta tashi a kasuwa, sai da na karanta sakin layi biyu kafin in gane ƙura kuke nufi. Shekara 31 ina jan kunnen yara a kan ƙ da ɗ da ɓ, yanzu su ne ke turo mini shafinku suna cewa Malama, ga shi jarida ma ba ta sa wa. Ku gyara, ko ku gaya mana wanda za mu kai wa ƙara.

Wassalam.

Tsohuwar malamar adabi, daga Zariya