'Yar yayata tana yi wa kanta rauni, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum Hajiya, sannu da ƙoƙari a wannan fili. Don Allah a sakaya sunana.

'Yar yayata ce a hannuna tun rasuwar mahaifiyarta. Shekararta 16, muna zaune a Anguwar Rogo, nan Jos. Tun da sakamakon JAMB ya fito bai yi mata kyau ba, yarinyar nan ta canza. Wadda da ita ke cika gida da surutu, yanzu daga ɗaki sai banɗaki. Ba ta barcin dare, abinci kuwa sai an yi da gaske. Kin san garinmu, ko da damina rigar sanyi ba abin mamaki ba ce, sai ranar da ta naɗe hannun riga tana wanke-wanke na ga tabo a hannunta, wasu sun warke, wasu sababbi. Na tambaye ta, ta ce ƙofa ce ta karce ta.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ta raba wa ƙawayenta sarƙoƙinta da littattafanta, kuma ta ce wa ƙanwarta, "Kun kusa hutawa da ni."

Maigida ya ce iskoki ne, a kai ta a yi mata ruƙiyya. Ni ba na ƙin addu'a, kullum cikinta nake. Wata maƙwabciya kuma ta ce so take a kula ta, a share ta kawai. Wannan dai zuciyata ta ƙi karɓa. Yarinyar da sai ta ji wa kanta ciwo kafin a kula ta, ai kulawar take buƙata.

Na kulle magunguna da maganin ƙwari a akwatina, kuma yanzu a ɗakina take kwana. To amma tambayar da ta dace na kasa yi. Likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. Amma Hajiya, da wane baki zan faɗa wa 'yata wannan kalma? Idan ta ce e, me zan tambaya bayan nan? Ko ta tsara yadda za ta yi, ko ta taɓa gwadawa? Wace amsa ce ke nuna kada a kwana sai an kai ta asibiti?

Ina son kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), sai dai ina tsoron unguwa ta laƙaba mata hauka, ya biyo ta har lokacin aure. Ga shi dokar Penal Code ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi. Idan ta faɗa wa likita gaskiya, maganar za ta tsaya tsakaninsu? Kuma ta yaya zan shawo kan maigida ya yarda a haɗa addu'a da asibiti?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Wata uwa daga Jos