Godiya ga masu hayar mota na Agadas da suka kai mu Tagidda

Salamu alaikum. Alhaji mai ofishin hayar kat-kat, wato motocin shiga daji, da ke cikin tsohon garin Agadas, kai da yaranka Allah ya saka muku da alheri, na ce sai na rubuta a fili kowa ya gani don wallahi ban zaci haka ba.

Kafin mu zo wurinku sai da muka sha yawo, ni da yayana da ke son sarin gishirin dabbobi a Tagidda n Tesumt. Duk inda muka shiga da sun ji bakinmu ba na garin ba ne sai su fara ba mu tsoro, wai hanya ba ta biyuwa, wai sai mota biyu, kai ka ce Bilma muka ce za mu ta cikin hamadar Tenere, alhali so suke kawai kuɗi ya hau. Wani ma ya nuno mana mota tayoyinta duk sun suɗe, safaya babu, yana cewa Allah ne ke tsarewa. To Allah ne ke tsarewa mana, amma haba.

Ku kuwa gaskiya kuka faɗa mana tun farko. Agadas zuwa Ingal wajen kilomita 160 ne, daga Ingal a yi arewa kuma bai kai 100 ba, fili ne shimfiɗaɗɗe na yumɓu, da rani ƙasar a bushe take tauri, da damina ne laka ke riƙe mota, shi ya sa kuka ce da lokacin Cure Salée ne, wato bikin makiyaya da ake yi a Ingal a watan Satumba, da kun ce mu dakata ƙasa ta sha iska.

Sai Baba direba, wani dattijo Ba'abzine mai rawani, shi ne ma dalilin wasiƙar nan. Tun da asuba ya duba mai da ruwan inji, ya ɗaura safaya biyu da jarkokin ruwa da shebur. Muna barin kwalta ya kama sawun motocin da suka riga mu, ba gudu ba fizga, in an zo korama mai rairayi ya sauka ya rage iskar taya ya wuce a hankali. Da na ce Baba ko za a ƙara wuta, sai ya yi dariya ya ce ɗana, a daji mai sauri shi ke kwana a hanya. Ya tsaya mana salla, ya dafa shayi, ya jira yayana ya gama ciniki a bakin ramukan gishirin bai ɓata rai ba, kuma ko dala bai nema a kan abin da aka yi jinga ba.

Abin da ke ba ni haushi, me zai hana sauran su yi haka? Yanzu a tasha sai a cusa mutum goma sha a Hilux kan kaya, direba yaro yana waya yana tuƙi, in ka yi magana a ce sauka. Alhaji don Allah ka riƙe Baba da kyau, ka ƙara masa albashi ma in da hali.