Wasiƙa: Ba harba-ka-ruga ba ce, na gwada da hannuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka tsakura mini fili in tanka wani rubutu da ya fito a shafinku na wasanni. Marubucin yana cikin yabon bindigogin gasa na zamani sai ya yi wa masu ɗuri ta baki shaguɓe, ya ce su harba-ka-ruga ne, wurinsu gidan tarihi. Na yi dariya, don ni ma da haka na ɗauka. Sai dai ranar Asabar da ta wuce na kai tawa sabuwa filin ƙungiyarmu karon farko, kuma abin da ya faru tsakanina da ita ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ƙaramar bindiga ce ta hannu ɗaya, harsashi ɗaya take ci. A Italiya aka ƙera ta, a kwarin Val Trompia inda garin Gardone yake, garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana ƙera bututun bindiga. Fasalinta kuwa an kwaikwayo shi ne daga aikin gidan Le Page na birnin Paris, maƙeran da suka yi wa sarkin Faransa aiki, suka kuma yi wa Napoleon. Faɗin bakinta inci 0.36, wato milimita 9 da 'yan kai, kuma cikin bututun akwai tsagi masu murɗewa da ke sa harsashi ya fita yana juyawa. Ban ɗora mata hannu ba sai da takardun izinina suka kammala, kuma duk wanda wannan wasiƙa ta ba shi sha'awa, daga nan zai fara, don kowace ƙasa da dokarta. A Birtaniya, alal misali, da aka haramta wa farar hula ƙananan bindigogi a 1997, an bar masu ɗuri ta baki ga wanda yake da lasisi.

Abin da marubucinku bai ambata ba shi ne wasan yana da hukuma ta duniya, MLAIC, wadda aka kafa a 1971, kuma kowane rukuni da sunansa. Rukunin irin bindigata ana ce masa Kuchenreuter, sunan wani gidan maƙera na Regensburg a Jamus. Masu tashi da dutsen ƙanƙara kuwa nasu Cominazzo. Ƙa'idar ba ta da tsawo: nisan mita 25, a tsaye, da hannu ɗaya, harbi 13 cikin minti 30, a ƙirga maka goma mafiya kyau. Da'irar maki goma faɗinta santimita 5 ne, baƙin allon gaba ɗaya santimita 20. Da na raba minti talatin gida goma sha uku na ga kowane harbi yana da minti biyu da ɗoriya, sai na ce ai wannan har da hutu. Allah Ya yafe mini wannan magana.

Tun daren Juma'a na auna albarushi, giren 15, wato ƙasa da giram ɗaya kaɗan, na zuba a 'yan kwalabe, kowane harbi da tasa. Ba iyayi ba ne, doka ce: ba a ɗura wa bindiga kai tsaye daga babban mazubi, don idan wani ɗan garwashi ya saura a bututu, mazubin ne zai tashi a hannunka. Bayan albarushi sai ka shimfiɗa ɗan ƙyalle mai maiƙo a bakin bututu, ka ɗora dunƙulen dalma mai nauyin giram huɗu da ɗoriya, ka buga shi ya shiga, sannan ka bi shi da sanda har ya zauna daram a kan albarushin. Ba a barin sarari tsakaninsu, don sararin nan yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi. 'Yar hular tagulla mai tayar da wuta ita ce ta ƙarshe, kuma ba a sa ta sai bakin bindiga yana kallon allo.

Na yi duk wannan, na miƙe hannu, na ja numfashi, na taɓa kunama. Ƙyas! Shi ke nan. Hula ta fashe, bindiga ta yi gum. Har na fara karkato ta in duba, sai wani dattijo da ke tsaye a layin kusa da ni, tsohon hannu ne a ƙungiyar, ya ce da ƙarfi, "Malam, kar ka motsa! Bar bakinta a allo, ka ƙirga talatin." Na ƙirga, gumi na bin bayana. Wani lokaci wutar tana cin albarushi a hankali, sai ka sauke hannu sannan ta tashi. Da na gama ya ce, "Ka fasa hula kafin ka ɗura?" Na ce, "A'a, Baba." Ya girgiza kai. Ashe man da ake shafa wa sabuwar bindiga don tsatsa yana taruwa a 'yar ƙofar da wuta ke bi, shi ya sa ake goge bututu a fasa hula biyu ko uku a wofi tukuna. Na karanta wannan a littafin da ya zo da ita, da idona, amma ɗoki ya shafe shi.

Hula ta biyu ta tayar da ita, sai dai ba lokacin da na so ba. Kunamar irin wadda ake ɗanawa ce ta yi sauƙi, in ka ɗana ta ko shafa ta ka yi ta tafi. Yatsana ya riga idona, harsashi ya sauka can ƙasan allo, a da'irar maki uku. Amma ina gaya maka, Malam Edita, wannan harbi na banza ya shiga raina. Ƙarar ba irin mai tsaga kunne ba ce, wani gurnani ne mai kauri. Bindigar ba ta doke hannu ba, turo shi ta yi a hankali. Farin hayaƙi ya rufe allon, sai da iska ta kore shi na ga inda na samu, ga warin farar wuta kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Daga harbi na uku zuwa na shida na fara gane halinta. Tsakanin faɗuwar gudumar da ke dukan hula da fitar harsashi akwai ɗan taƙi, bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa hannun da ya saki jiki ya ɓata komai. In ka ɗauka ka gama da ka ja kunama, ka yi asara. Dole ka ci gaba da riƙe saitin kamar ba a yi komai ba har hayaƙi ya tashi. Masu ta ƙanƙara sun fi mu shan wannan wahala, don su tartsatsi ne zai kunna albarushin waje, sannan wutar ta shiga ciki. Wannan jinkiri ne ya dami wani limamin coci ɗan Sikotilan mai son harbin tsuntsaye, Alexander Forsyth, har ya ƙirƙiro hanyar tayar da wuta da duka, ya yi mata rajista a 1807, kuma daga nan aka gangaro zuwa 'yar hular da nake sawa. Ina tsaye da hannu yana rawa ina sa masa albarka.

Baƙin albarushi ba ya ƙonewa duka, kusan rabinsa kunkunniya yake zama. A harbi na shida sai da na sa ƙarfi kafin harsashi ya gangara, don haka na koma goge bututu da ɗanyen ƙyalle, in bi da busasshe, bayan kowane harbi. Nan minti biyun nan da na raina suka fara yi mini gwalo.

A na tara na tafka wadda ta fi duka. Wani ya tambaye ni ko tawa ce sabuwar da ake magana, na waiwaya na amsa, na dawo na ɗora ƙyalle da dalma na danna. Sai na ga zanen da na yi wa sandata, wanda ya kamata ya tsaya daidai bakin bututu, ya nutse ciki. Na duba tebur, ga kwalba ta tara cike, tana kallona. Na ɗura harsashi ba albarushi. Baba bai ce uffan ba, ya miƙo mini sanda mai kusa a kai, muka murɗa ta cikin dalmar, ni na riƙe ƙota shi yana ja. Minti shida suka tafi. Da aka busa usur harbi goma sha ɗaya na yi, kuma da aka ƙirga goma mafiya kyau na tashi da 61 cikin 100. Manyan gwanayen wannan rukuni suna haura 95.

A nan ne na so in ɗora wa bindiga laifi, kamar yadda marubucinku ya yi. Na ce, "Baba, anya ba ta watsa harsashi?" Ya ce, "Kawo." Da albarushina da dalmata ya yi harbi biyar, a tsaye, hannu ɗaya, ɗayan a aljihu. Muka taka zuwa allo. Ramuka biyar a cure wuri ɗaya, tafin hannuna ya rufe su har da saura, sun ɗan yi ƙasa da tsakiya. Ya ce, "Ka ga, ita ta san hanya. Saura kai." Mutumin nan ya haura saba'in, kuma da na lura da shi sai na ga ko sau ɗaya bai canza tsarin ɗurinsa ba: kwalba, ƙyalle, dalma, sanda, duba zane, hula. In yana ɗuri ko sallama ka yi masa ba zai amsa ba sai ya gama. Da na ɗauka girman kai ne.

Mai bindigar zamani harsashinsa a shirye yake saye, masana'anta ta auna masa komai. Mu kuwa kowane harbi a wurin muke haɗa shi, kuma in ƙyallen ya ɗan fi kauri, ko ka danna wannan da ƙarfi ka danna wancan da sanyi, allo zai faɗa maka. Ba wanda za ka kai ƙara. Wannan ne ya sa ban yarda a kira ta abin wasa ba, balle a raina haɗarinta. Ba a harbi sai da tabarau da abin toshe kunne, kuma ba a taɓa zuba mata garin harsashin zamani marar hayaƙi, komai ƙanƙantarsa, don ƙarfinsa ya fi abin da bututun zai ɗauka.

Batun saukar harbin ƙasa da tsakiya, tsinin saiti na gaba ne yake da ɗan tsawo, kuma maganinsa a rage shi da magagari. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Baba ya ce kul, sai na tsayar da awon albarushin da ta fi so, don in awo ya canza inda take sauka ma zai canza, kuma ƙarfen da ka goge ba ya dawowa.

Da na koma gida ban zauna ba sai da na kwance bututun na wanke shi da ruwan zafi, don kunkunniyar nan tana jan laima, in ta kwana tsatsa ce. Ruwa uku na zubar baƙi ƙirin kafin na huɗu ya fito fes, na busar, na shafa mai. Maiɗakina ta leƙo, warin ya mayar da ita, ta kafa doka cewa daga yau a waje za a riƙa wannan wanki.

Asabar mai zuwa zan koma da kwalabe goma sha biyar, biyar masu giren 12, biyar masu 15, biyar masu 18, in ga wanne zai fi haɗa ramuka. Ina roƙonka, Malam Edita, ka miƙa wa marubucin naku gayyatata. Ina da tabarau da abin toshe kunne na baƙo, kuma zan auna masa kwalabe uku nasa na kansa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya yi mini magana ina ɗuri.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta ku kullum