Wasiƙa zuwa ga Nura kan tafiyarsa ta dogon hutu

Daga gida, ƙasar Ringim.

Assalamu alaikum ɗana Nura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da abokan koyarwarka. Mu nan lafiya lau, damina ta zauna, gero ya fara fidda kai. Innarka tana gaishe ka.

Ƙaninka ya nuna mini a wayarsa jerin garuruwan da kake so ka zaga a wannan hutun: Abuja, Zariya, Kaduna, Legas, Abeokuta, Ibadan da Ilori, duk a kwana goma. Na yi murna da niyyar, malamin da ya ga ƙasa da idonsa ya fi ƙaruwar yara. Amma tsarin nan sai an warware shi an sake ɗinkawa. Ka sa Abuja a gaba sannan ka dawo Zariya, ka sake gangarawa Kaduna, wato hanya ɗaya za ka taka sau uku ka biya kuɗinta sau uku. Jera garuruwa ake yi yadda hanya ta jera su: Kano, Zariya, Kaduna, Abuja, sannan kudu. Kuma kwana goma ba za su ɗauke su ba, kana bukatar goma sha biyar, da biyu a ajiye waɗanda ba ka ɗora musu komai ba.

Abin da nake so ya zauna maka kafin komai shi ne halin abin hawan guda biyu. Jirgin ƙasa yana da lokaci, ba ya jiran kowa. Motar tasha ba ta da lokaci, kowa take jira, sai ta cika za ta tashi. Saboda haka kada ka taɓa sa tafiyar mota mai nisa a gaban jirgi a rana ɗaya. Ka sauka daga jirgi ka hau mota, wannan ba laifi. Amma ka ce za ka taso daga Kano da safe ka kama jirgin rana a Kaduna, ka ɗora tikitinka ke nan a kan fasinja biyun da ba su zo ba, da tayar da za ta iya fashewa a Kwanar Dangora. A garin da jirgi zai tashi ake kwana. Ka fara tsayar da ranakun jirgi tukuna, sai ka ɗaura ranakun mota a jikinsu.

Wurare biyu ne kawai jirgi zai yi maka aiki a wannan zagaye. Akwai na Kaduna zuwa Abuja, wanda aka buɗe a 2016, daga Rigasa zuwa Idu, kilomita 186. Akwai na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, kimanin kilomita 157, yana tsayawa a Abeokuta. Tsakanin Abuja da Ibadan babu sabon layin dogo da ya haɗa su. Na Itakpe da ka ji labari Warri ya nufa, ba hanyarka ba ce. Tsohon layin nan kuwa da ya ratsa ta Ringim zuwa Nguru, da wanda ya tashi daga Kano zuwa Legas, kada ka gina lissafin rana a kansu.

Ka taso daga nan ranar Litinin bayan sallar asuba. Motar Ringim a Yankaba za ta ajiye ka, motocin Zariya kuwa a can hanyar Zariya suke lodi, wajen Unguwa Uku da Na'ibawa, sai ka ba wa ratsa birnin Kano a adaidaita sahu awa guda. Kafin azahar kana Zariya in Allah ya so. Ka ba ta Talata gaba ɗaya: da safe cikin birni, fada da tsohon masallacin Juma'a na Babban Gwani, da yamma Samaru ka ga jami'ar da aka kafa a 1962. Tsakanin birni da Samaru akwai tazara, kada ka yi ta kai da komo. Laraba da safe ka wuce Kaduna, tafiyar kamar kilomita 80 ce, ka sauka Kawo, ka samu yammacin ka leƙa Arewa House, gidan da Sardauna ya zauna.

Batun tikiti ka ba shi muhimmanci. Tun 2021 ta intanet ake sayen na jirgin Kaduna, kuma tun da aka dawo da shi a Disambar 2022, bayan harin da ya tsayar da shi a watan Maris na shekarar, sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Sunan da ke kan tikiti shi ne zai zama na kan katinka, harafi da harafi. Wanda ya tare ka a bakin tasha ya ce yana da tikiti a hannu, ka wuce shi, da sunan wani aka yanka, a ƙofa za a mayar da kai kuma kuɗinka sun tafi. Ka saya tun kana Zariya in shafin ya buɗe ranar da kake so, ka ɗauki hoton tikitin ka ajiye a waya don kada sabis ya yanke maka a layi. Na zaɓa maka Alhamis ne da gangan, domin Juma'a da Lahadi da safiyar Litinin ma'aikata masu iyali a Kaduna ke cika shi. Lokutan tashi kuma ana canza su, wani lokaci a rage yawan zuwa, don haka wanda abokinka ya hau bara ba hujja ba ne, ka duba na makon da kanka. Rigasa can ƙarshen gari take. Daga Kawo ka ware awa guda ta hanya, da wata awar ta bincike da layi.

A jirgin kada ka zarce Idu sai in a can mai ɗaukarka yake. Tunda a Kubwa ɗan baffanka yake zaune, a tashar Kubwa za ka sauka, ka huta da kuɗin tasi na dawowa baya. Ka yi Juma'a a Masallacin Ƙasa. A Abuja ina roƙonka, kada ka tari motar da ba ta da fenti a bakin titi don ta fi araha. Masu ƙwacen da ake kira wan-cans da fasinjojin bogi suke yawo, har da mata a ciki don hankalinka ya kwanta.

Asabar ita ce rana mafi nauyi a duk tafiyar. Abuja zuwa Ibadan ta Lakwaja, Okene, Owo, Akure da Ife, awa tara zuwa goma ce in hanya ta yi daɗi. Ka je tasha tun yammacin Juma'a, Jabi ko Utako, ka biya kujerar motar farko, ka isa ƙarfe biyar da rabi na asuba. Motar farko ita ke cika da sauri. In ka rasa ta, ta biyu tana iya kai ƙarfe tara ba ta tashi ba, dare kuma ya riske ka a dajin Ondo. Ga yadda za ka gane motar da ta kusa cika da gaske: kada ka ƙirga kawunan da ke zaune, ka leƙa but. 'Yan kamasho kan zaunar da yaransu a kujeru, fasinja na shigowa ɗaya yana zamewa. In ka ga mutum takwas a ciki amma jaka biyu ce a baya, motar ba kowa. Ka duba tayoyi, in sun yi sanƙo ko an ɗaure kaya sun rinjayi bayan motar, ka haƙura da ita ko da ka biya. Ka rubuta sunanka na gaskiya da lambar ƙaninka a takardar fasinja, ka turo mana lambar motar kafin ta tashi. Kuma tunda damina ce, ka tambayi direbobi halin da hanyar Kotonkarfe take ciki. A 2012 da 2022 ambaliya ta datse ta, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Yawanci sai Satumba ruwan ke kai haka, shi ya sa nake so ka wuce ta a Agusta.

Lahadi kada ka tsara komai a Ibadan, jikinka zai karɓi bashinsa. Ka sauka Sabo, wajen Mokola, akwai masauki da tuwo da masallaci, kuma za ka samu wanda zai kwatanta maka gari da Hausa. Litinin ka ga jami'ar Ibadan, wadda ta faro a 1948, da gidan namun dajinta. Talata sai jirgin Legas. Tashar a Moniya take, wajen gari ta hanyar Oyo, ita ma ka ba ta lokacinta kamar Rigasa.

Abeokuta ni dai da ka bar ta. In ka sauka don Dutsen Olumo, tikiti biyu za ka saya maimakon ɗaya, jirgin gaba kuma ba lallai ya dace da lokacinka ba, sai kwana ya kama ka. Ka gan ta ta taga, wata shekarar ka je mata musamman. A Legas ka sauka Agege inda mutanenmu suke, ba sai ka kai Ebute Metta ka dawo cikin cunkoso ba. Garin nan wuri ɗaya ake zuwa a yini. Ka fita bayan asuba, ka juyo kafin la'asar.

Dawowa kada ka hau doguwar bas ɗin nan mai kwana a hanya, ko da an ce ta fi sauƙi. Ka biyo ta Ilori ka yi zobe: Alhamis jirgin safe zuwa Moniya, daga nan mota ta Oyo da Ogbomosho, ka ga jirgi ne a gaba mota a baya. Ka yi Juma'a a Ilori. Asabar da asuba ka kama ta Jebba, Mokwa, Bida zuwa Suleja. Hanyar tankoki ce, wuni take ci. In direba ya ce zai yanke ta Tegina da Birnin Gwari don ya fi kusa da Kaduna, ka sauka. Kafin ka biya ma ka tambayi mutum biyu daban-daban a tasha abin da ya faru a hanyar cikin makon, ba mai sayar maka da kujera ba. Lahadi daga Zuba motar Kano kai tsaye, Litinin kana gida.

Kuɗi ka kasa su uku: na mota da jirgi, na ci da kwana, da na ukun da ba ka taɓawa, wanda zai isa ya dawo da kai gida daga ko'ina kake. Na ukun nan ka bar shi a banki. Ka riƙe tsabar kuɗi na yini biyu a aljihu biyu daban, da canji ƙanana, don taransifa takan maƙale a daidai lokacin da kwandasta ke tsaye a kanka. Jaka ɗaya ta goyo ta ishe ka, wadda za ta zauna a cinyarka, ba a cajin ta kuɗin kaya kuma ba ta ɓata a but. Ka sa kaya kala uku, sabulun wanki, ledar ruwa, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, ƙaramar darduma, maganin ciwon kai da na gudawa. Ranar doguwar mota ka rage ruwa da abinci mai yaji da safe, ka riƙe dabino da ƙuli-ƙuli. Ka tashi da alwala, ka yi ƙasaru, ka haɗa azahar da la'asar a inda direba ya tsaya cin abinci, domin ba lallai ya sake tsayawa ba.

Innarka ta fara soya maka dambun nama, ta ce ka zo tun Asabar ta gan ka kafin ka kama hanya. Ka taho da katinka na NIN mu gwada sunan da wanda ka sa a shafin tikiti. In ka tashi ranar da na ce, za ka dawo da sauran kwanaki kafin a fara yankan gero a gonar gabas, ina kuma sa ran hannunka a ciki.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya, ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.